Abin da Hanya Ta Fasa

Damagaram, unguwar Birni, 8 ga Janairu

Zuwa ga Zuliha, ɗiyar marigayi Alhaji Illa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Abdul'aziz da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da sanyi ya tayar, sai kuma ruwan famfo da ya kwana huɗu bai leƙo mu ba. Matata, innarki Aliya, tana gaishe ki, ta ce turaren ya iso.

Kin san ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Ni ke faɗa, maƙwabcina Mala, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ke rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana. Ban kira ki a waya ba don abin da aka faɗa a waya ba ya zama. Wannan kuwa so nake ki riƙe ta a hannu.

Kakana da kakan ubanki ciki ɗaya suka fito. Wasu za su ce zumuncin ya yi nisa. Ubanki bai ga nisansa ba ranar da ya buɗe kantin kayan abinci na Sabon Gari ya miƙa mini makullin bashe, motar ɗaukar kaya, ya ce, “Alkasum, hanyar Gidimuni taka ce.” Bana shekara talatin da ɗaya. Kullum in na sallame asuba in kama hanya, in ɗauko tomati da salati da shu, wato kabeji, a lambunan masu garka, in sauke a kanti kafin azahar.

To, ga Safiyanu da kika ɗora a kan kanti tun damina. Ya gina ɗakin sanyi, ya jera farantan lantarki masu shan rana a saman rufi. Ban ce komai ba. Ya sayar da baburan kai kaya cikin gari, ya kawo adaidaita biyu masu batir waɗanda ba su da ƙara ko kaɗan, har ɗaya ta kusa bi ta kan akuyar Mala, akuya ba ta ji tahowarta ba. Ban ce komai ba. Ganyen shu da ake sharewa ma yanzu a buhu yake tarawa don masu kiwo.

Yanzu ya iso kaina. Wai in bar kwanduna in riƙa loda a akwatunan roba. Wai zuwa kullum ɓarna ce, sau biyu a sati ya isa. Shekaranjiya ina tada mota ya tsaya a bayanta ya toshe hanci da hankici, a gaban masu sayayya, ya ce, “Baba, wannan hayaƙin har Mirya ana hango shi.” Na ce, “To, mutanen Mirya sun san tomati yana tafe.” Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Lokacin da na fara bin wannan hanya ko yaye shi ba a yi ba.

Tambayata ɗaya ce, kuma ke nake tambaya, ba ɗan aiki ba. Hanyar Gidimuni tawa ce har yanzu, ko an ba wani? Ki ba motar Yamai amsa, ina zuwa tasha da kaina.

Babanki,
Alkasum

Yamai, 17 ga Janairu

Baba Alkasum,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ka daure ka je likita ya duba ta. A gaida Inna Aliya da Malam Mala.

Baba, Safiyanu ba ya yin komai sai da sanina. In akwai fushi, ni za a yi wa. Toshe hanci a gaban mutane kuwa bai dace ba, na yi masa magana.

Bayan rasuwar mahaifina na zauna na duba yadda kanti yake tafiya. Abin da na gani shi ne kayan garka da yawa suna shigowa ta ƙofar gaba suna fita ta ƙofar baya, bayan wani ya yi wata uku yana ban ruwa kafin su nuna. Bashe kuma kullum tana tafiya Gidimuni ba komai a bayanta, ta dawo da rabin lodi. Da ɗakin sanyi, tomati yana kwana huɗu lafiyarsa lau, shi ya sa sau biyu a sati ya isa. Hayaƙin gazuwal ba abin wasa ba ne. Yana shiga ƙirjin mutane, naka ne na farko, kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara zafin duniya.

Ba a ba kowa hanya ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ƙungiyar masu garka ta Gidimuni ta sayi kamiyo, babbar motar kaya, yana shigowa Damagaram Talata da Juma'a da sauran wuri a cikinsa. Sun ce za su riƙa sauke mana kaya a ƙofar kanti. Ban ba su amsa ba, saboda kai.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kayan da ke zuwa mana daga wajen Garagumsa, tun da aka koma akwatin roba asararsu ta kusa ƙarewa. Naka kuwa, a kwando biyar ɗaya fasasshe ne, rani da damina, kamar an auna. Kuma Safiyanu ya ce fasasshen ba ya kwana a kanti, kai kake wucewa da shi. Ina yake tafiya, Baba?

Ka gwada akwatunan sati biyu kawai, mu gani.

Ɗiyarka,
Zuliha

Damagaram, 26 ga Janairu

Zuliha,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Ban je likita ba.

Wurin da kika ce “ina yake tafiya” na sa Mala ya karanta mini sau uku. Ashe a Yamai ɓarawo nake. Mala ya ce ba haka kike nufi ba. Na ce masa shi karatu aka sa shi. Batun zafin duniya kuwa, Damagaram da zafinta tun kafin a ƙera mota.

Tun da kin tambaya, ga amsa. Ubanki ya ce kada a faɗa, amma shi ya tafi, ni aka bari da zargi.

Shekarar farko hanya ba ta da kyau, ramuka ne tun daga bakin tafkin Gidimuni. Kullum sai an samu kwandon da ya fashe. Ubanki ya ce in kai juji. Wata rana ina juyewa a bayan unguwar Kara-Kara, wata mata ta ce in dakata. Hajara sunanta, mijinta ciwo ya cinye masa yatsu, ita ke ci da gida. Ta kwashe, ta yanka, ta shanya a tabarma, ya zama kauɗa ta kai kasuwa. Da na ba ubanki labari, washegari ya zaɓi kwando mai kyau ya ce in kai mata. Ta duba, ta ce, “Shofer, mayar wa Alhaji kayansa. Ba bara muke ba, shara muke kwashe masa.” Haka na dawo da shi. Ubanki ya ce, “Daga yau abin da hanya ta fasa nasu ne. Kada a rubuta, kada a faɗa.”

Yanzu su tara ne a kan wannan sana'a. Akwai wadda ta aurar da ƴaƴa uku da ita.

Daga baya aka gyara gudoro, wato kwalta, hanya ta daina fasa kaya. Wata rana na tsaya musu da abin da bai cika ƙwarya ba. Suka leƙa bayan mota, suka ce, “Allah ya kai mu gobe, shofer,” suka koma da tabarminsu a naɗe. Ban ji daɗin abincin rana ba ran nan.

Tun daga nan ni nake yi. Nunannen a ƙasa, in ɗora kwando uku a kansa, in na kusa Mirya in sauka daga gudoro in bi tsohon burji. Kwando ɗaya cikin biyar, ba na wuce haka, ba na kasawa. Kin ce kamar an auna. An auna. Ubanki bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba, kuma shi ba makaho ba ne.

Akwatin Safiyanu na gwada shi. Na kife shi a tsakar gida na hau da ƙafa biyu, ko lanƙwasa bai yi ba. To, in na loda a cikinsa, rabon matan nan daga ina zai fito? Mai kyau ba za su karɓa ba, fasasshe kuma babu. Wannan yana cikin abin da kika zauna kika duba?

Ban ci tomatinku ba, ban sayar ba. Ki yanke abin da za ki yanke, amma ki yanke da hannunki. Ina jira a tasha.

Alkasum

Damagaram, 18 ga Fabrairu

Zuliha,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya dawo, ya sake tafiya.

Yau kwana ashirin da uku da na aiko miki da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk ranar da motar Yamai ta shigo ina tasha. Mai rabon saƙo har ya daina jira in tambaya, daga nesa yake kaɗa mini kai.

Abin da na gani a maimakon amsarki shi ne Safiyanu da farin ambulan mai hatimin kanti. Ban iya karatu ba, amma na san takardar sallama in na gan ta. Ya ce, “Baba, daga Hajiya ne.” Na ce, “Hajiya ta san inda tasha take.” Bayan kwana biyu ya sake tare ni ina sauke kaya, ya ce, “Baba, ba abin da kake zato ba ne, bari in karanta maka.” Na shiga mota na tayar, na taka ta sosai, ya tsaya yana magana a cikin hayaƙi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na uku har gida ya zo ba na nan, ya bar wa Aliya. Na sa ta mayar da ƙafarta.

Na san kin kira wayar Aliya sau biyu. Na gaya miki tun farko wannan magana ba ta waya ba ce.

Mala ya ce a rubuta cewa shi ya ba ni shawara in buɗe ambulan. Na yarda a rubuta, tunda alƙalamin a hannunsa yake.

Ubanki hannu da hannu ya ba ni makulli. In za a karɓa, jininsa ne zai karɓa, ba ɗan aikin da aka ɗauka jiya ba. Har yanzu kullum ina zuwa Gidimuni, da kwandunana. Akwatunan suna jibge a zaure, kaji suna kwana a ciki.

Alkasum

Yamai, 25 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da Inna Aliya. Mu duka lafiya.

Ambulan ɗin nan amsata ce. Kwana biyu bayan takardarka ta iso na rubuta ta. Ban ba motar Yamai ba don masu kamiyo sun ce in ba su ji daga gare mu ba zuwa sha biyar ga wata za su ba wani kanti wurin. Sai na tura wa Safiyanu ta waya, ya fitar a takarda, ya sa a ambulan ɗin da yake da shi. Nawa laifin ke nan. Na san halinka, kuma na aika ta hannunsa.

Ga abin da ke ciki. Na ce ban taɓa zarginka da sata ba. Na ce hanya taka ce, Talata da Juma'a, da akwatuna. Makaniki zai sauke injin bashe ya gyara, in za ka tafi kuma ka ɗauki shinkafa da mai na masu tebur na Gidimuni don kada ta tafi fanko. Matan Kara-Kara kuwa na ce ba sadaka za a ba su ba, aiki za a ba su. Tomatin da ya yi wa ɗakin sanyi yawa su shanya mana, kanti ya sayar da kauɗar, su ɗauki rabonsu. Kalma ɗaya na roƙa daga gare ka kafin sha biyar ga wata.

Na sa Safiyanu ya roƙi ƙarin kwana biyu, aka ba shi. Ranar sha bakwai na ce ya sa hannu. Yarjejeniyar ta shekara biyu ce, kuma ba zan warware ta ba, mutane arba'in ne a ƙungiyar nan. Ƙarshen wannan wata shi ne zuwanka na ƙarshe. Bashe in kana son ta, ta zauna a ƙofar gidanka, amma kanti ba zai ƙara zuba mata gazuwal ba.

Maganar matan tana nan. Safiyanu ya je ya same su, Hajara ta yarda da aikin. Sai dai ta ce ba ta san kowa a kanti ba sai shofer. Ana bukatar wanda zai riƙa kai musu kaya da adaidaita kowace safiya, ya dawo da busasshen. Na san ba hanyar Gidimuni ba ce. Shi ne abin da ya rage a hannuna.

Wannan na kai ta tasha da kaina.

Zuliha

Damagaram, 11 ga Maris

Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Zafi ya fara, gwiwa ta yi sauƙi.

Takardarki ta zo. Ta ambulan ma Aliya ta je ta karɓo, Mala ya karanta mini, abin da kika faɗa ne ba ragi. Da ya gama ya cire tabarau ya zuba mini ido. Na ce masa in yana da magana ya rubuta tasa takardar. Har yanzu ina cewa saƙon dangi ba a sa masa hatimin kanti. A nan na tsaya.

Na yi zuwana na ƙarshe ran ashirin da takwas. Na biya Kara-Kara na sauke musu kwandonsu, na ce wa Hajara daga yau babu. Na yi niyya in gaya mata yadda nake yi, don kada ta ji a bakin wani. Ban kai rabi ba ta ce, “Shofer, ai mun sani. Wanda hanya ta fasa a gefe yake tsagewa. Naka kuwa kamar an zauna a kansa.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ta ce, “Tun shekarar da aka gyara gudoro. Kuma ba ya shanyuwa da kyau, tsami yake yi. Rabi akuyoyi ke ci.”

Na ce, “Me ya hana ku faɗa?”

Ta ce, “Mu ce me? Mutum ya bar hanya mai kyau ya bi burji dominmu, mu ce masa bai iya ba?” Sauran suna ta dariya a cikin mayafi. Wata ta ce wanda Safiyanu ya kawo na gwaji kwana uku ya bushe, ja wur. Na ce Allah ya sa albarka, na shiga mota.

Bashe tana ƙofar gida. Na cire batir na sa a ɗaki, na tokare tayoyi da duwatsu.

Ranar Juma'a na ga bai kamata in rabu da masu garka ba sallama ba, sai na je da asuba na tsaya inda kamiyon yake juyawa ya nufi Gidimuni ɗauko kaya. Shofer ɗin sunansa Kolo, na san ubansa, garkarsa tana gabas da tafki. Ya sauko ya durƙusa, ya ce in shiga gaba. Na ce a'a. Na hau baya na zauna a kan akwatuna. Shekara talatin da ɗaya ina bin wannan hanya, ban taɓa ganin ta tana tafiya baya ba sai ran nan. Akwai wani gari kafin Mirya da ban san yana da masallaci ba, ashe bayan tudu yake. Mun wuce mashigar tsohon burji, Kolo ko rage gudu bai yi ba.

Masu garka sun karɓe ni da kyau. Sun ba ni rake da dabino, sun yi addu'a, suka koma lodinsu, don Kolo yana da lokacin tashi. Da muka iso kanti na jira aka sauke, na buɗe akwatuna uku na can ƙasa na duba ɗaya bayan ɗaya. Ko guda bai fashe ba. Safiyanu yana tsaye yana kallona, bai ce komai ba. Wannan karon ya kyauta.

Hanya ta tafi, na sani. Ba sai an sake rubuto mini ba.

Batun adaidaita, ban ce na yarda ba. Abin da ba shi da ƙara ban san yadda mutum zai gane lafiyarsa ba. Amma in shi ma akwai ranar da aka yanka masa, ki rubuto mini ranar ƙarara, ki ba motar Yamai. In kuma lokaci ya ƙure, ki ba Safiyanu. Ya zo da ita ba ambulan.

Babanki,
Alkasum